Tayin da na yi a gidan suna

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. 'Yata ta haihu a can, mijinta yana koyarwa a babbar jami'ar da ke kusa da Pantai Dalam, ni kuwa tun da mahaifinsu ya rasu ba abin da ya riƙe ni a Kano sai ɗan ɗinkin hula da nake taɓawa. Na tafi da niyyar in yi mata arba'in in juyo, sai ga shi jaririyar ta fara zama ina nan, ta fara rarrafe ina nan.

Gidan nasu a can saman wani dogon bene yake. Babu tsakar gida, babu zaure. Kowace ƙofa tana da wata ƙofar ƙarfe mai raga a gabanta, a kulle dare da rana. Ganyen darbejiyar da na yi wa 'yata wanka da shi ma sai a wurin Indiyawa masu sayar da furanni aka samo mini. Da 'yata ta koma aiki, sai ya zama daga ni sai jaririya sai ƙarar jirgin ƙasa da ke wucewa ta ƙasa. Yayar jaririyar kuwa kullum da safe ake kai ta taska, wato gidan da ake biya a yi rainon yara, kuma tun daga nan na ƙullaci wurin. Yarinyar in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da yaren Malay. In na miƙa mata tuwo ta girgiza kai ta ce wata kalma, uwarta ta fassara mini wai ba ta so.

A ƙasa da mu kaɗan akwai wata ɗaliba 'yar Zariya, ta kama ɗaki ɗaya a gidan wasu. Karatun digirin digirgir take yi a fannin kimiyya, yawancin yininta a ɗakin gwaje-gwaje. Mijinta malamin sakandare ne, yana can Zariya. Ta zo da ɗanta guda, ɗan fari, bai daɗe da yaye ba. Ba ta kama sunansa, don ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa. Sai dai ta ce "yaron". Ni kuwa Maigida nake ce masa. Ita tana kirana Umma, kamar yadda 'yata ke kirana.

Kuɗin karatun da aka yi mata alkawari daga gida ya makale, yau za a turo, gobe za a turo. Da farko wata 'yar'uwarta ɗaliba ce ke riƙe mata yaron, sai waccan ta gama ta koma Najeriya. Taska kuma ta fi ƙarfinta. Gwamnatin ƙasar tana rage wa talakawanta nauyin kuɗin taska, amma wannan na 'yan ƙasa ne, baƙo ba ya ciki. Saboda haka matan Najeriya da ke garin, Musulmi da Kirista, suka haɗa asusu, masu ɗan hali suna zubawa duk wata, a biya wa mai ƙaramin ƙarfi mafi yawan kuɗin, ita ta cika sauran. Guraben kaɗan ne, masu jira da yawa. Wata mata 'yar Jos, malamar jinya, ita ke riƙe da abin.

Duk wannan ban san shi ba sai ranar wani suna da aka yi a unguwar Bukit Jalil. Mata sun cika falo, ana cin tuwon shinkafa da miyar taushe, sai na ji ana ta yi wa ɗalibar barka. Na tambaya ko kuɗin karatun ne suka iso. Aka ce a'a, gurbi ta samu a asusun, farkon wata Maigida zai fara zuwa taska.

Na ajiye cokalina. Na ce, yadda kowa zai ji, "Yanzu ina zaune a benen nan da hannuna biyu, a ce a ɗauki yaro a kai wa bare, har sai an yi karo-karo an biya? Ai wannan ni aka zaga. Kawo mini shi. Gurbin a ba wa wadda ba ta da kowa."

Matar Jos ta yi dariya ta ce, "Mama, ki bari ta karɓa. Yaron nan fa janareto ne, kuma ba shi da makashi."

Mata suka kwashe da dariya. Na ce mata na raini nawa, na raini na maƙwabta, wannan ɗan tsakon ba zai gagare ni ba. Na ƙara da cewa a garinmu ba a taɓa biyan kuɗi don a riƙe yaro ba, kuma 'yar mutunci ba ta miƙa hannu tana da uwa a kusa. Wasu daga cikin matan suka ce wallahi gaskiyar Umma, Allah ya bar zumunci. Matar Jos ta daina dariya. Ta juya ta tambayi ɗalibar kai tsaye me take so, ta ce mata in ta saki gurbin nan ba a san ranar da wani zai fito ba.

Ɗalibar ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaron riga. Can ta ce, "To, Umma. Na gode."

A mota muna komawa 'yata ta ce mini na ɗaure yarinyar mutane. Ta ce babu yadda 'yar Zariya za ta dubi tsohuwa a gaban taron mata ta ce ba ta son tayinta. Na ce ai alheri na yi. Amma na san abin da take nufi. Ni ma an haife ni a inda kara ta fi ƙarfin buƙata. Da na ja ta gefe na yi mata tayin, da wataƙila ta samu hanyar zillewa cikin ladabi. A gaban mutane na yi, kuma na ji daɗin yadda suka yaba mini.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da sassafe take hawowa da shi, da 'yar jakarsa, ta durƙusa ta gaishe ni ta ruga don kada motar jami'a ta wuce ta. Ni kuma in tare shi a ƙofa in ce, "Maigida, yau ma ba kuɗin cefane? Haka ake aure?" Sai ya zura hannu a aljihu ya ciro murfin kwalba ya ba ni. Na dama masa kunun gyaɗa, na koya masa bismilla, na koya masa gaisuwa. Da bakinsa ya buɗe, da Hausa ya buɗe. Duk wanda ya zo gidan sai na sa shi ya gaishe shi, ina kallon 'yata ta wutsiyar ido.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ni ban taɓa rainon yaro ni kaɗai ba. A gidanmu na Kano, in na shiga wanka akwai mai ido a kansa. In ya fita ƙofar gida, mai kanti ya san ɗan waye, mai wanki ya san ɗan waye, za a riƙo hannunsa a dawo da shi, har a haɗa masa da ɗan faɗa. Rainon da nake taƙama da shi na unguwa ne gaba ɗaya, ni dai nawa suna. A saman benen nan kuwa ni ce uwa, ni ce maƙwabta, ni ce mai kanti. Jikata ta fara tafiya, Maigida ya fara hawa kujera yana leƙen taga, gwiwata ta dama ta fara kumburi. In yamma ta yi har jiri nake gani. 'Yata ta tambaye ni fiye da sau ɗaya ko abin ya yi mini yawa. Na ce lafiya lau. Bakin da ya yi magana a gidan suna ba zai dawo ya ce ya gaji ba.

Ranar da abin ya faru, na fita zubar da shara na dawo, na tura ƙofar ƙarfen ban sa mata sakata ba. Jikata tana barci, shi yana wasa da tukwanen roba. Na tada sallar la'asar. Da na sallame, gidan ya yi tsit irin tsit ɗin da duk mai raino ta sani. Tukwanen suna nan, ƙofa a buɗe.

Na saɓa jikata a baya ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Na bi barandar daga wannan ƙarshe zuwa wancan ina kiransa. Duk ƙofofi a rufe. Na tsaya gaban lifta na ga tana can ƙasa. Ba ni da yaren da zan tambayi kowa. Na buga ƙofar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Malay da muke gaisawa da sallama da murmushi kawai, kowa yana ce mata Makcik. Na nuna mata tsayin yaron da hannuna, na nuna lifta. Ba ta tsaya tambaya ba, ta zari mayafinta ta ja ni.

A ƙasan benen akwai wurin cin abinci na Indiyawa Musulmi, wanda suke kira mamak, a bakin titin da manyan motocin haya ke bi. Can muka same shi. An ɗora shi a kujera, an yayyaga masa gurasa a faranti, yana ci yana kaɗa ƙafa. Mai wurin ya nuna mini titi, ya nuna inda ya cafko shi. Taku kaɗan ne tsakani. Da yaron ya gan ni sai ya miƙo mini gurasar.

Makcik ta raka ni har sama, ta zaunar da ni ta ba ni ruwa. Daga baya, da 'yata tana fassara mana, ta ce mini ita ma a da ita ke riƙe jikokinta, sai ta ga ƙafarta ba ta kai tasu gudu ba. Ɗanta ya nemi taimakon gwamnati aka ba shi, yaran suna taska, ita tana zuwa ɗauko su da yamma. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin kifi, babu alamar wani abin kunya a ciki.

Ban gaya wa ɗalibar ba. Ta zo ɗaukarsa da magariba, ta tambayi yadda muka yini, na ce lafiya lau. A bakin mai mamak ta ji, ranar da ta tsaya sayen abinci yaron na hannunta, mutumin ya gane shi. Ta hawo ta same ni. Ta gaishe ni doguwar gaisuwa, ta tambayi gwiwa, ta tambayi mutanen Kano, sannan ta ce ta ji wai Maigida ya fita shan iska kwanaki. Ta ce Allah ya tsare gaba, yara sai haƙuri. Ko muryarta ba ta canja ba. Da ta ɗaga mini murya, ina jin da na fi samun sauƙi.

'Yata ce ta yanke maganar. Ta ce jikata za ta bi yayarta taska, ni kuma in koma gida a duba mini gwiwa, dama takardar zamana ta kusa ƙarewa. Ban yi musu ba.

Ɗalibar ta koma wurin matar Jos. Gurbin an riga an ba wasu ma'aurata masu tagwaye, kuma ba a ƙwace wa mai buƙata a ba mai buƙata. Matar ta zagaya ta haɗa mata ɗan abin da ya samu, ya riƙe yaron a taska na ɗan lokaci ya ƙare. Ta gwada tafiya da shi jami'a, aka ce ɗakin gwaje-gwaje ba wurin yara ba ne, kuma gaskiyarsu. Malamin da ke duba aikinta ya fara maganar cewa tana baya. Na cire 'yan kunnena na zinare na ce ta sayar. Ta mayar mini da su a tafin hannu ta rufe da nata, ta ce in an cinye kuɗinsu kuma sai me.

Mijinta ya gaya wa mahaifiyarsa halin da ake ciki, tsohuwar ta ce a kawo mata mijinta, wato jikan nata. Ana saura kwana kaɗan in tashi, ɗalibar ta hawo, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Ta ce, "Umma, tunda za ki gida, ko za ki tafi da yaron?"

Na ce mata to. Ban ga wata amsar da ta rage mini ba.

Surukina ya yi duk takardun da ake buƙata don yaro ya bi wadda ba uwarsa ba. A filin jirgi ta miƙa mini jakarsa tana yi mini bayanin abubuwan da na riga na sani: ba ya barci sai ya kama kunnen mutum, ba ya son madara mai sanyi. Ta durƙusa tana gyara masa takalmi, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ba za ta rungumi ɗan fari a gabana da gaban surukina ba. Na ce wa surukina ya je ya tambayo mana ƙofar da za mu bi, ni kuma na juya baya na buɗe jakata ina laluben fasfon da yake hannuna. Na daɗe ina lalube. A nan na ji ta kira sunansa, a hankali, karo na farko da na taɓa ji daga bakinta.

A jirgi bai yi rigima ba sai da ya farka daga barci ya duba bai gan ta ba. Na ba shi kunnena ya kama.

Mahaifinsa da kakarsa suka tarbe mu a Kano. Kakar ta rungume shi tana yi masa kirari, ta yi ta sa mini albarka, har ta aiko mini da turmin atamfa na tukwici. Mace ce mai kirki, ba ni da abin da zan ce a kanta.

Bayan shekara da wani abu 'yata ta sake haihuwa, na koma Kuala Lumpur. Ɗalibar tana nan, ta rame, aikinta ya yi nisa amma da saura. Ta kawo mini man shafawa na gwiwa. Muna zaune ta kira Zariya ta bidiyo don in ga Maigida. Ya yi tsawo, yana tsakar gida da yara, ƙafarsa duk ƙasa. Kakarsa ta ce ya zo ya gaida Antinsa ta Malesiya. Ya leƙo ya ce ina wuni, ya koma wasansa da gudu. Ita kuwa ta yi ta murmushi ga wayar har aka kashe.

A ranar ta gaya mini masu tagwayen sun gama sun tafi, matar Jos ta ajiye mata gurbin, kuɗin karatunta ma sun fara shigowa. Ta yi wa mijinta magana, ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa ta dawo da yaron da aka ba ta riƙo ba. Ita kuma suruka ce, ba ta da wannan bakin ko kaɗan. Ta ce ko in na koma zan je, tsohuwa da tsohuwa, wataƙila ta ji tawa.

Da na koma gida ko hutawa ban yi ba na shiga motar Zariya. Kakar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Maigida ya zo ya gaishe ni, bai tuna ni ba. Na tambaye shi kuɗin cefane, ya dubi kakarsa don ta gaya masa me nake nufi. Bayan mun taɓa hira na kawo maganar da ta kawo ni. Na ce uwarsa ta samu taimako, akwai wurin raino mai kyau, na gani da idona, jikokina suna zuwa.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Hajiya, ke da kanki? Ina zaune da hannuna biyu, a ɗauke shi a kai wa bare a ƙasar da ba a jin Hausa?"

Na ba ta labarin lifta, na ba ta labarin gidan suna, ban rage komai ba. Ta yi salati, ta ce Allah ya kiyaye, ta ce to ai shi ya sa nan ya fi masa. Ta nuna mini tsakar gidan da hannu. Mata uku suna aiki a ciki, yara suna zagaye da rijiyar da aka rufe da murfin ƙarfe, ƙofar zaure a buɗe. Ta ce ya fara Islamiyya, ya saba, in uwar ta gama ta dawo sai a ga abin da Allah zai yi. Na duba tsakar gidan ban ga abin kushewa ba.

A tasha, kafin mota ta cika, na kira ɗalibar. Na gaya mata yadda muka yi. Ina jin ƙarar jirgin ƙasan nan na Pantai Dalam yana wucewa ta bayanta. Ta tambaye ni ko ya yi ƙiba. Na ce ya yi. Ta tambaya ko har yanzu yana kama kunne. Na ce ban tambaya ba. Ta ce bari ta kira matar Jos ta saki gurbin, akwai wata mai jariri da ke jira.

Sannan ta ce, "To, Umma. Na gode."